Auta Lauya da Katangar Mai Otal

Sati uku da Auta ya fara koyon aiki a ofishin lauyoyi, babu wanda ya rage a layinsu bai ji labari ba. Mai aski ya ji sau huɗu. Tela ya ji har ya haddace. Inna kuwa, mahaifiyarsa, ta daina kiransa Auta a gaban baƙi, sai dai ta ce, "Lauya yana ciki yana nazari," ko da minsharinsa na fitowa ta taga.

Abin da Auta ke faɗa a layi shi ne manyan shari'o'i sun yi masa yawa, har Babban Lauya ba ya sa hannu a takarda sai ya leƙo ya ce, "Samari, ya ka gani?" Abin da ke faruwa a ofis kuwa daban ne. Ɗan tebur aka ba shi a bayan ƙofa, tsakanin injin kwafar takardu da kwandon shara, duk wanda ya turo ƙofa sai ta daki kujerarsa. Aikinsa ya kwafa, ya huda, ya ɗaure da zare, ya kai sama, ya sauko da wasu. Sau ɗaya Babban Lauya ya taɓa neman ra'ayinsa, shi ma a kan ko fanka ce ke ƙara a ɗakin taro ko na'urar sanyi.

Yayarsa, ma'aikaciyar jinya, ita kaɗai ce zancen bai taɓa shiga kunnenta ba.

"Auta, wai duk manyan lauyoyi haka yatsunsu suke baƙi ƙirin da tawada?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Harkar shari'a ba allura da auduga ba ce."

"Na gane mana. Mu ma muna da mai kwafar takardu a asibiti, yatsunsa sak naka."

Ranar Talata da la'asar Babban Lauya ya kira shi. Dattijo ne mai furfura, mai magana a hankali kamar ana sayar masa da kalmomin. Ya tura masa wani fayil.

"Gobe ina kotun ɗaukaka ƙara, sauran lauyoyin kuma kowa da nasa zaman. Akwai shari'ar katanga a ƙaramar kotu da ƙarfe tara. Za ka je ka tashi, ka gaida kotu, ka faɗi ofishin da ka fito, ka ce ina neman afuwa a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Sai ka zauna."

"Sai me kuma, Yallaɓai?"

"Sai ka ci gaba da zama."

"Idan ɗaya ɓangaren suka kawo hari fa?"

"Ba yaƙi na aike ka ba, samari. Na yi magana da lauyarsu, ba za ta ja ba. Ka tashi, ka roƙa, ka zauna."

Auta ya rungumi fayil ya fito. Kafin ya isa teburinsa ya gama shawara. Don me za a ɗaga shari'ar da shi zai iya gamawa kafin rana ta yi zafi? Har ya hango Babban Lauya ya dawo ya tarar an ci, ya rungume shi, ya sa an mayar da teburinsa kusa da taga.

Maganar dai ba ta da wuya. Wani mai otal ne ya ja katanga don ya faɗaɗa wurin ajiye motoci, katangar ta toshe lungun da mutane ke bi zuwa shagon wani tsoho mai wanki da guga. Yanzu mai kai wanki sai ya zagaya ta bayan tashar mota, ya tsallake kwata biyu, tafiyar minti ashirin. Masu kawo kaya suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, tsoho ya ga abincinsa na neman yankewa, ya kai ƙara. Kuma tsohon nan shi Babban Lauya ke tsaya wa, don shekara talatin shi ke wanke masa riguna. Duk wannan a rubuce yake ɓaro-ɓaro a shafin farko. Auta bai karanta shafin farko ba. A ganinsa shafin farko na masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne.

Da ya buɗe tsakiya sai ya ga ƙunshi biyu. Ɗaya mai kauri, takarda mai sheƙi, da tambarin otal a kai. Ɗayan 'yan shafuka huɗu, na mai wanki. Ya dubi kafet ɗin ofis, ya dubi na'urar sanyi, ya yi murmushi. Ofis irin wannan ya tsaya wa mai wanki? Ina! Ya ture shafuka huɗun gefe, ya duƙufa kan na otal.

Sakatariya, wadda ta fi shekara ashirin a ofishin, ta ɗago kai daga bugun takarda.

"Ƙanena, in ka ga tsohon nan mai wanki gobe, ka ce masa…"

"Anti, bar ni da shi. Na san abin da zan gaya masa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da aikinta.

Saura riga. Tasa baƙar rigar lauyoyi ba a gama ɗinka ta ba, don haka da aka tashi ya zare ta Babban Lauya ta biyu daga bayan ƙofa, ya cusa a jaka. Da ya gwada a gida sai ga ta tana sharar ƙasa, hannayensa sun ɓace a ciki. Ya kwasa sai shagon Tela.

"A naɗe ko a yanke?" in ji Tela.

"Ka taɓa ganin lauya da naɗaɗɗen kaya? Yanke."

"Taka ce dai ko?"

"A ofishinmu ba a cewa tawa da taka."

Tela ya sa almakashi ya cire taƙi ɗaya da rabi.

Daga nan Auta ya wuce bencin mai aski, ya sanar cewa gobe zai yi shari'arsa ta farko shi kaɗai, mai son ganin yadda ake aiki ya zo.

"Za a ɗaure wani?" in ji mai aski.

"Sai yadda na ga dama. In ya ba ni haƙuri da wuri, ƙila in sassauta."

Kawu, tsohon direba, ya ce motarsa tana nan, zai kwashi kowa. Inna ta fito da mayafin da take ɓoyo a ƙasan akwati. Yaya ta ce ita ma za ta, tunda tana hutu.

"Kin dai yarda yanzu," in ji Auta.

"A'a. Wani ya kamata ya riƙe Inna in ta faɗi."

Ƙarfe takwas da rabi suka sauka a harabar kotu, mutum tara daga motar mutum biyar. Auta ya shige gaba, riga na kaɗawa. A bakin baranda ya hango wani ƙaton mutum mai ƙamshin turare da waya biyu a hannu, yana ta duba agogo. Bai ko tambaya ba.

"Yallaɓai, mai otal ko? Maigida ba zai samu zuwa ba, ni aka turo. Ka kwantar da hankalinka, yau za a gama."

Mai Otal, wanda tun ɗazu yake jiran lauyarsa, ya ɗauka daga ofishinta yaron ya fito. Ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Madalla. Amma tsakaninmu, takardar izinin ginin nan ba ta fito ba har yanzu. A hutun ƙarshen mako muka ja katangar, kafin ma'aikata su dawo. Kada maganar ta taso."

"Ƙaramin abu. Bar min."

Suna rabuwa sai ga wani siririn tsoho da 'yar leda a hannu, ya tsaya yana kallon rigar da ke jikin Auta kamar ya ga ɗan'uwansa a asibiti.

"Ɗana, kai ne daga ofishin Babban Lauya? Ni ne mai wankin. Ga wannan ka…"

Auta ya ja da baya, ya ɗaga murya yadda 'yan layinsu za su ji.

"Baba, tsaya nan! Ba na magana da abokin gaba a waje. Mene ne a ledar?"

"Riguna ne, guda uku."

"Riguna! A harabar kotu za ka saye ni da riguna? Mu haɗu a ciki."

Mai aski ya girgiza kai cikin sha'awa. "Kun gani ko? Ba ya karɓa."

Tsoho ya bi shi da kallo, baki buɗe.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, benci shida da fanka ɗaya mai juyawa kamar ba ta so. 'Yan layin Auta suka cike benci biyu. A teburin lauyoyi akwai wata mata tana duba takardu cikin natsuwa, ita ce ainihin lauyar Mai Otal, ta shigo ta ɗaya ƙofar. Auta ya ɗauka tata shari'ar ce ke biye, ya yi mata ɗan murmushin manya. Mai Otal kuwa da ya ga lauyarsa ga kuma yaro, sai ya gyara zama, ya ce a ransa har biyu aka turo masa.

Mai shari'a ta shigo, kowa ya miƙe. Mace ce mai shekaru, fuskarta ba yabo ba fallasa. Magatakarda ya kira ƙara. Auta ya zabura har kujera ta faɗi, ya gaida kotu, ya faɗi ofishin da ya fito. Mai shari'a ta rubuta. Lauyar ma ta tashi ta faɗi nata, amma Auta bai ji ba, yana can yana tayar da kujera.

"Muna jin ka," in ji mai shari'a.

Nan ne ya kamata ya roƙa ya zauna. Sai ya gyara wuyan riga, ya waiwaya ya tabbatar Inna na kallo.

"Ranki ya daɗe, an ce in nemi a ɗaga. Amma ni ban ga abin ɗagawa ba. Wannan ƙara ba ta da kai ba ta da ƙafa. Ƙara ce ta hassada!"

Alƙalamin mai shari'a ya tsaya. Lauyar Mai Otal ta ɗago kai a hankali, ta ajiye takardunta, ta harɗe hannu.

"Wane ne ya shigar da ita? Mai wanki! Mutumin da bai ajiye komai ba sai dutsen guga da baho. Ya ga bawan Allah ya gina otal, ya kawo wa unguwa haske, shi ne ya ce sai an rushe masa katanga saboda wani lungu da ko akuya ba ta bi sai ta rasa hanya."

"Gaya musu, Lauya!" mai aski ya ƙwalla daga baya.

Ɗan sandan kotu ya nuna shi da yatsa, ya nutse a benci.

"Wai mutane na zagaye. To, su zagaya mana! Tafiya ai lafiya ce, ga yayata nan ma'aikaciyar jinya ce, a tambaye ta."

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mai shari'a ta cire tabarau. "Lauya, ka tabbata ka san abin da kake yi?"

"Ranki ya daɗe, ban ma fara ba. Mutumin nan da kike gani kamar na kirki, yanzun nan a baranda ya nemi ya ba ni cin hanci. Ga ledar can a hannunsa!"

Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Mai shari'a ta sa magatakarda ya karɓo ledar. Ya buɗe, ya fito da fararen riguna uku a goge, a ninke, ya karanta 'yar takardar da aka maƙala.

"Ranki ya daɗe, sunan Babban Lauya ne a jiki."

Auta ya ɗan yi turus, amma nan take ya farfaɗo. "Kin gani! Har maigidana yake so ya saya!"

Tsoho ya miƙe. "Ranki ya daɗe, nasa ne, wanki ya ba ni. Ita ma baƙar da ke jikin yaron nan tasa ce, ranar Asabar na goge ta. Ni dai abin da nake so in sani, wa ya yanke mata gindi?"

Tela ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin benci.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Auta ya ji ƙasa na ɗan motsi a ƙarƙashinsa, sai ya ga maganinta shi ne ya ƙara gudu.

"Ranki ya daɗe, kada a ɗauke mana hankali da zancen tsumma. Na san inda za su ɓullo. Za su ce ba mu da izinin gini. To, ba mu da shi! Sai me? Takarda ce kawai, tana hanya. Kuma don kada a takura wa ma'aikata ne ma muka ja katangar a hutun ƙarshen mako, shi da bakinsa ya gaya min. Wannan ba tausayi ba ne?"

Lauyar da ke zaune tana jin daɗinta ta miƙe kamar an tsikare ta da allura.

"Ranki ya daɗe! Wannan ba lauyanmu ba ne! Ba da yawunmu yake magana ba!"

Auta ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, ki jira a kira taku."

"Tamu ce ake yi! Ni ce lauyar otal!"

Mai shari'a ta buga tebur sau ɗaya. Aka yi tsit, sai kukan fanka.

"Samari, kai lauyan wa ne?"

Auta ya nuna Mai Otal.

"Wallahi ban san shi ba!" in ji Mai Otal, gumi na bin wuyansa. "Yau na fara ganinsa!"

"Buɗe fayil ɗinka. Shafin farko. Karanta da ƙarfi."

Auta ya buɗe. Ya karanta sunan ofishinsu da murya mai kauri. Ya karanta layi na biyu, muryar ta sirance. "Masu tsaya wa… mai ƙara." Ya tsaya.

"Wane ne mai ƙara?"

Auta ya kafa wa takardar ido. Tsoho ya ɗaga hannu a hankali, kamar ɗalibin da ba ya so a kira shi.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Mai dutsen guga da baho."

Dariya ta ɓarke har ɗan sandan kotu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Kawu, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya taɓa mai aski. "An ci ne?" Mai aski ya ce, "An ci, Kawu. Namu aka ci."

Mai shari'a ba ta yi dariya ba. Ta ce shekararta goma sha tara a kan kujerar nan, ta ga lauyan da ya makara, ta ga wanda ya zo da fayil ɗin wata shari'ar, amma yau ta fara ganin wanda ya kai wa nasa hari kuma ya raunata na wancan ɓangaren a tashi ɗaya. Ta ce ba za ta rubuta ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa ba. Sai dai a zama na gaba tana so ta ga takardar izinin gini a kan teburinta. Kuma tunda an cinye mata safiya, ranar mako mai zuwa ta ba wasu, sai bayan sati shida.

"Sati shida!" Tsoho ya dafe kai. Sati shida na zagaye, shi ya san mutum nawa za su rage masa.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida, har suka wuce shatale-tale. Sannan Auta ya yi gyaran murya.

"Ku ba ku gane dabarar ba. Da ban shiga jikinsa ba, yaushe zai gaya min zancen izini?"

"Haka ne," in ji Inna da sauri. "Mai shari'a da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba."

"Mu ma a asibiti akwai cutar da muke gaya wa haka," in ji Yaya.

Washegari Babban Lauya ya saurari labarin daga bakin Sakatariya, tsoho na zaune a gefe, Auta na tsaye. Ya ɗaga rigarsa ya dubi inda aka yanke, ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna ƙofa.

"Kwashe kayanka."

Tsoho ne ya tare. "Yallaɓai, kada ka kore shi. In ka kore shi wani ofishin zai je, ya samu wani bawan Allah. Ka ba ni aronsa. Ya ce tafiya lafiya ce, ni kuma ƙafafuna sun gaji. Kullum da safe kafin ya zo nan, ya bi gidajen masu ba ni wanki ya karɓo, ya kai musu wanda aka goge."

Babban Lauya ya yi murmushinsa na farko a wannan makon.

Haka Auta ya yi sati shida yana zagayawa ta bayan tashar mota, cikin kwat da takalmi mai tsini, ƙunshin wanki a ka. Kwatar farko ya iya tsallake ta tun ranar farko, ta biyun sai da ta karɓi takalminsa sau biyu. Ranar da mai aski ya ci karo da shi, ya tsaya yana kallon ƙunshin.

"Lauya, sana'a aka canza?"

"Yi ƙasa da murya. Bincike nake yi, ina auna nisan hanyar da ƙafata. Ba kowane lauya ake ba irin wannan ba."

Masu kawo wanki dai ba su gudu ba, har ma aka samu ƙari, don labari ya bazu cewa akwai shagon da lauya ke kawo wa mutum kayansa har gida.

Ranar zama na biyu Babban Lauya ya je da kansa, ya bar Auta a ofis tare da injin kwafar takardu. Takardar izini ba ta zo ba. Kotu ta ce a buɗe lungu.

Da safiyar da leburori suka zo da guduma, unguwa ta taru kallo. Sai ga Auta ya ratso jama'a, ya sauke ƙunshin da ke kansa, ya tsaya a gaba yana nuna musu inda za su fara dukan, alhali sun riga sun fara. Da bulon farko ya faɗi, ya juya ga mutane ya buɗe hannuwa.

"Ku shaida, wannan shari'ar ni na fara ta!"

Tsoho na bakin shagonsa yana hura gawayin dutsen guga. Bai ko ɗago ba.

"Gaskiya ne, jama'a, shi ya fara ta. Saura kaɗan ma ya ƙarasa ni." Ya nuna ƙasa da haɓa. "Lauya, ɗaga ƙafarka, zanin gadon mutane kake takawa."